Gurbin da Ba a Bar wa Kati Ba

Da yammacin wata Talata, rana ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta, gidan Rajista yana nan yadda ya saba kasancewa a irin wannan lokaci. Shi maigidan yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe a bakin baranda, yana goge tabarau da gefen riga. Matarsa tana kwashe shanya daga igiya tana saɓawa a kafaɗa. Autarsu kuwa tana ɗakin tsakiya gaban kwamfuta, ba a jin komai daga wurinta sai ƙarar yatsu a kan madannai.

Rajista ba sunan yanka ba ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana kula da ɗakin fayiloli na wata ma'aikata, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa neman takarda a hannunsa an rasa ba. Dokarsa ɗaya ce, wadda ya ɗora wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa: ba a zare fayil daga kanta sai an soka kati a gurbinsa, an rubuta wanda ya ɗauka, da inda aka kai, da ranar da zai dawo. Da ya yi ritaya sunan ya biyo shi gida, dokar ma ta biyo shi. A ɗakinsa akwai durowar ƙarfe mai aljihu huɗu, da wani babban littafi mai baƙin bango, wanda ko almakashi aka ara sai an shigar a ciki.

Auta manhaja take rubutawa, daga gida take yi wa kamfaninsu aiki. Masu wannan sana'a suna ajiye aikinsu a wani abu da suke kira rumbu, wanda yake riƙe da tarihin kowane gyara, kuma kowane aiki yana da nasa reshe a ciki. Idan mutum yana son ya riƙe rassa biyu a lokaci ɗaya, sai ya shimfiɗa na biyun a wata folda dabam. Rumbun ya rubuta adireshin foldar a wurinsa, ita ma foldar ta riƙe adireshin rumbun, kamar igiya mai ɗaure a baki biyu. Kuma rumbu ba ya yarda a buɗe reshe ɗaya a wuri biyu. Haka Auta ta yi. Ta shimfiɗa wani reshe a folda ta biyu, ta yi mako uku tana gini a cikinta, ba ta kai ga shigar da aikin cikin rumbu ba.

Ƙarar madannai ta tsaya. Uwar ta waiwaya.

"Mama," in ji Auta daga ciki, "wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Ni da ko kunna ta ban iya ba? Tambayi Babanki, shi ne mai buga wasiƙun 'yan fansho."

Auta ta fito bakin ƙofa, fuskarta ta canza. Ta ce foldarta ta biyu ta ɓace, babu ita babu alamarta. Ta ce ta nemi ta buɗe reshen a wani wuri, rumbu ya ƙi, ya ce ai reshen a buɗe yake a wancan adireshin, alhali babu komai a wurin. Sannan ta faɗi sunan foldar.

Hannun Rajista ya tsaya a kan tabarau. Ya san sunan. Ranar Asabar, lokacin da uwa da 'ya suka tafi asibiti duba wata 'yar'uwa, ya zauna zai buga wasiƙa, ya ga wannan folda kusa da nasa takardun. Ya buɗe ta, ya buɗe foldarta ta farko, ya ga sunayen fayiloli iri ɗaya a cikin duka biyun. Kwafi biyu na abu ɗaya, a wurin Rajista, ƙazanta ce. Ya yanke ta ya mayar cikin filashi, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi fayiloli, ya manna wa filashin takarda da lamba, ya sa a aljihu na uku na durowarsa, ya shigar a baƙin littafi. Ya kwanta ranar da jin daɗin wanda ya gyara abin da yara suka ɓata.

Ya buɗe baki zai yi magana, Auta ta riga shi.

"Wallahi duk wanda ya yi wannan bai san tsari ba ko kaɗan. Ka ɗauke abu ba ka bar ko alama ba?"

Bakin nasa ya koma ya rufe. A gaban matarsa, daga bakin 'yar da ya koya wa jera littattafai bisa tsawo, aka ce bai san tsari ba. Ya mayar da tabarau fuskarsa, ya ce, "Ki duba da kyau. Abu ba ya ɓata sai an yi sakaci." A ransa ya ƙudura cewa da safe, kafin ta tashi, zai mayar da foldar inda ya same ta, magana ta mutu.

A daidai nan dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin gidan.

Ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin rufi kamar mai tunani, sannan ya faɗi gaban kujerar Rajista. Dutse ne sumul, girman ƙwai. Da uwar ta ɗauka ta ji shi da ɗumi. Suka ce yaran maƙwabta ne, ko da yake babu motsin yaro a bayan katanga. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, sannan aka kira salla, komai ya lafa.

Da safe Rajista ya fito da filashi a aljihun rigarsa, ya iske Auta zaune gaban kwamfuta da kayan jiya a jikinta. Ba ta kwanta ba. Ya koma ya mayar da filashin cikin durowa.

Ranar Laraba Auta ta kira shugabar aikinsu a waya, ta sa muryar a fili, don haka duk gidan suka ji. Shugabar mace ce mai saurin magana. Ta ce wannan ƙaramin abu ne, rumbu yana riƙe da tsohon adireshi ne kawai, a ba shi umarni ya share rajistar foldar da babu, reshe zai saki. Auta ta ce in ta share, ta share sawu na ƙarshe da ya rage na aikin mako uku, kuma har yanzu tana sa ran foldar za ta fito. Shugabar ta ce to ta fara jero abin da rumbu ya sani tukuna. Auta ta buga, ta ƙura wa allon kwamfutar ido.

"Kina ji na?" in ji shugabar.

"An sa wa rajistar kulle."

"Ke kika kulle, kin manta."

"Ban kulle ba. Kuma an rubuta dalili." Muryarta ta yi ƙasa. "An ce, da mai shi a ciki."

Shugabar ta yi dariya, ta ce wani ne a cikin abokan aiki yake tsokana, ta cire kullen kawai. Auta ta cire. Ta sake jerowa. Kullen ya dawo, da dalilinsa, ba a canza ko harafi ba. Sau bakwai ta cire a ranar, sau bakwai ya dawo.

Da magariba duwatsu suka sake sauka, wannan karon goma sha biyu. Rajista ne ya lura da abin da ya hana shi cin abinci. Duwatsun ba su warwatsu a tsakar gida ba. Sun faɗi a jere, huɗu huɗu, ƙanana a gaba, manya a baya, tazarar da ke tsakaninsu daidai kamar an auna.

Daga nan gidan ya daina zama gida. Da rana komai lafiya, sai nauyin da ke cikin iska. Amma da inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai a fara jin ana jan aljihun durowa a ɗakin tsakiya, inda babu durowa. Ana jin ana buɗe takardu, shafi bayan shafi, da haƙurin wanda ba ya sauri. Kajin gidan suka daina shiga akurki. Uwar ta riƙa kewaya tsakar gida da carbi, ta shiga kicin ta fito ba ta ɗauki komai ba, ta sake shiga. Auta ta daina cin abinci sai ruwan shayi, ta daina amsa waya, idanunta suka faɗa. Uwar ta ga tana buga madannai da hannun hagu kaɗai, na daman yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

Ranar Alhamis da la'asar Auta ta tashi ta shiga banɗaki. Rajista, wanda ya yi kwana biyu yana jiran wannan, ya ɗauko filashi ya lallaɓa ɗakin tsakiya. Ya sunkuya zai soka, sai ya ji an yi magana a bayansa.

"Ba da hannun ɓoye ba, Rajista."

Ya juya. Auta ce tsaye a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga hannunta. Amma muryar ta namiji ce, tsohuwa, mai ƙura a ciki, kuma 'yarsa ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba. Ta dube shi ba ƙiftawa, ta fara jero lambobi da haruffa. Ya gane su. Lambobin fayilolin da aka rufe ne, na kanta ta ƙarshe a tsohon ɗakin aikinsa, waɗanda ba a taɓa faɗa a gidan nan ba. Ya fita da baya da baya, filashin a dunƙule cikin tafinsa.

Ran nan da magariba Auta ta yanke shawarar share rajistar da ƙarfi, kulle ko ba kulle. Ta danna. Duwatsu suka zubo kan kwano kamar ƙanƙara, ta saki ƙara ɗaya, ta faɗi daga kujera. Da suka ɗaga ta, sai ta ture su da ƙarfin da ba nata ba, ta koma ta zauna, ta dafe kwamfutar da hannu biyu kamar mai tare ƙofa.

"Baban Auta," in ji uwar, "wannan ba na asibiti ba ne. Ka kira Malam."

"A bari mu ga gobe."

"Goben me? Yarinya tana ƙarewa a gabanka kana cewa gobe? Me kake jira, a kawo maka a rubuce?"

Rajista ya san in Malam ya zo za a yi tambaya, kuma ya san inda tambaya za ta tsaya. Juma'a ta wuce a haka. Auta ba ta ƙara kiran uwarta Mama ba. Da uwar ta kawo mata shayi, sai ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, ajiye can." Wannan kalma ita ta sa uwar ta ɗauki mayafi da safiyar Asabar, ta fita ba ta nemi izinin kowa ba.

Malam ya iso bayan la'asar. Dattijo ne siriri, wanda a da yake gyaran agogo kafin idanunsa su gaji, mai ilimi da sanyin hali, kuma an san shi da aikin fitar da aljanu. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana duban duwatsun da ke jere.

"Wannan baƙon naku ma'aikaci ne," ya ce. "Ko ni ban iya jeri haka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ya nemi ruwa a kwano, ya shiga ɗakin tsakiya, ya zauna a tabarma nesa kaɗan da kujerar Auta. Ya sa uwar ta zauna kusa da 'yarta, Rajista kuma a bakin ƙofa. Ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa. Hasken taga ya riƙa ja da baya daga bango. Da karatun ya yi nisa, jikin Auta ya ɗauki rawa, kanta ya sunkuya, sannan ya ɗago a hankali.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ban yi maka komai ba."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka jikin wannan yarinya?"

"Ban zo jikinta ba. Ita ta zo ƙofata tana ta bugu. Sau bakwai ta karya mini kulle a rana ɗaya. Ran Alhamis ta zo za ta rushe wurin gaba ɗaya ina ciki. Kai aka yi wa haka, za ka zauna?"

"Wane wuri ne naka a cikin na'urar mutane?"

Aljanin ya yi wata dariya marar daɗi, wadda ta girgiza kafaɗun yarinyar. Ya ce shi mazaunin tsohon ɗakin fayiloli ne, bayan kanta ta ƙarshe, tun kafin a ɗauki Rajista aiki. Da aka kwashe takardun aka zuba a kwamfuta, aka fasa kantoci, aka mayar da ɗakin wurin shan shayi, ya fito yana yawo. Ya biyo Rajista, mutumin da ya sani, don ya san inda yake akwai tsari. Shekara shida yana kewaya gidan bai sami wurin shiga ba, domin komai na gidan da mai shi, komai a rubuce.

"Mu ba ma zama inda yake da mai shi, Malam, ka sani. Kango muke nema. Ran Asabar na ga kango. Adireshi a rubuce, ƙofa a tsaye, ciki wayam. Na duba ko an bar kati. Da na ga kati, da na san mai wurin zai dawo, da na wuce. Babu kati."

Malam ya juya ga uwar. "Wa ya ɗauke abin da ke wurin?"

"Wallahi ba mu sani ba, Allah gafarta Malam."

"Ke ba ki sani ba," in ji muryar. Kan Auta ya juya a hankali zuwa bakin ƙofa. "Shekara talatin da biyu ina kallonka ta bayan kanta. Na ga ka tsayar da babban darakta a bakin ƙofa, ka ce ba zai fita da fayil ba sai ya cika kati. Na ga ka sa ma'aikaci kuka saboda kati. Na ce wannan mutum ne. Ashe dokar taka ta mutanen waje ce."

A waje dutse ɗaya ya faɗo kan kwano, ya gangara, ya tsaya.

Uwar ta dubi mijinta. Rajista ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi 'yarsa, ya ga ƙasusuwan wuyanta da suka fito cikin kwana biyar, ya ga hannun daman nan a kwance kamar mataccen reshe.

"Ni ne," ya ce. "Ni na ɗauke. Na ɗauka kwafi ne. Tana cikin durowata, aljihu na uku, babu abin da ya taɓa ta."

"Tun Talata?" in ji uwar. "Tun Talata kana zaune kana kallonmu?"

"Hajiya, wannan shari'ar taku ce, za ku yi ta bayan na tafi," in ji Malam. "Alhaji, tashi ka ɗauko."

Ya ɗauko filashin, ya ɗauko baƙin littafin ma, don hannunsa bai saba ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya ba. Malam ya fuskanci yarinyar.

"To, ka ji. Mai wuri ya dawo. Ka cire kullenka ka fita."

"In fita in je ina? A bar mini wurin. Ta shimfiɗa aikinta a wata folda, ni in riƙe wannan, a bar kullen. Ba zan ƙara jifa ba."

"Ba za ka zauna a cikin abin da take neman abinci da shi ba."

"To a bar mini hannunta na hagu. Hannu ɗaya. Ai tana da biyu."

Malam ya tsoma yatsu a ruwa, ya yayyafa, ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Yarinyar ta gantsare a kujera, uwar ta riƙe ta tana kuka. Aljanin ya yi ta ihu yana cewa a dakata, a dakata, zai faɗi magana.

"Faɗi."

"Abu uku. Wanda ya ɗauke, shi zai mayar, da hannunsa, tana gani da idonta, ba da nawa ba. Na biyu, in an kwashe abin da ke cikin wancan ɗan ƙarfen, ya zama kango. A ba ni shi."

"Za a ba ka, amma ba a gidan nan ba. Za a kai ka bayan gari, inda ba mutum ba dabba, ka kuma yi rantsuwa ba za ka dawo ba, kai ko wani naka. Na uku fa?"

Muryar ta yi ƙasa, har ta kusa zama ta mai roƙo. "A rubuta ni. Duk fayil ɗin da aka rufe a ɗakin nan an rubuta ranar rufe shi, an sa hannu. Ni kaɗai aka fitar ba a rubuta ba."

Malam ya dubi Rajista. Rajista ya gyaɗa kai. Aka ɗauki rantsuwa, sau uku, Malam yana faɗa, aljanin yana maimaitawa.

Sai jikin yarinyar ya saki. Ta buɗe ido, nata idon, jajaye, masu gajiya. Ta dubi ɗakin, ta dubi baƙon dattijo a tabarma, ta dubi ubanta tsaye da filashi a hannu.

"Baba?"

"Ni na ɗauke miki folda, Auta. Ran Asabar. Ban bar alama ba, kuma da kika tambaya na yi shiru. Ki gaya mini yadda zan mayar."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa da kujerarta gefe, ta ba shi wuri. Ya durƙusa gaban teburin, don babu wata kujerar, ya soka filashin. Da ƙyar muryarta take fita, amma a tsare take ba da umarni. Kada ya canza sunan, ko harafi ɗaya. Ya mayar da ita daidai adireshin da rumbu ya rubuta, ba kusa da shi ba. Ya yanke, kada ya kwafa, don kada a bar komai a baya. Yana yi da yatsu biyu, yana karanta kowane abu sau biyu kafin ya danna. Da foldar ta zauna a gurbinta, ta karanto masa umarnin da ke sa rumbu da folda su sake gane juna, harafi bayan harafi, ya buga.

Aka ji an ja aljihun durowa, can cikin bango, an rufe shi a hankali.

Auta ta yi atishawa sau uku. Ɗan yatsanta na hagu ya miƙe, ya yi karkarwa, ya kwanta. Filashin da ke jikin kwamfuta ya yi ɗumi har Rajista ya ji a fatar hannunsa. Malam ya zare shi da kansa, ya naɗe a ƙyalle, ya ɗaure.

Ta ɗaga hannun dama, ta dube shi kamar baƙo, ta ɗora a kan madannai. Ta jero abin da rumbu ya sani. Adireshi biyu, kowanne da foldarsa, babu kulle, babu dalili. Ta buɗe aikinta na mako uku, yana nan cif. Kafin ta ce komai, kafin ta sha ruwan da uwar ta miƙo mata, ta shigar da shi cikin rumbu.

"Mama," ta ce, "yunwa nake ji."

Uwar ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta nufi kicin tana tuntuɓe da duwatsu.

Rajista ya buɗe baƙin littafi a kan gwiwarsa, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta: mazaunin bayan kanta ta ƙarshe, an rufe. Ya sa hannu. Auta tana kallonsa daga kujera.

"Baba, ba kwafi ba ne. Sunayen ne iri ɗaya, abin da ke ciki daban."

"Na gani."

"Kuma abin da na faɗa ran Talata..."

"Daidai kika faɗa," ya ce, bai ɗago ba.

Shi da Malam suka fita da ƙullin tun da sauran haske. Ba su dawo ba sai da aka idar da magariba, kuma a ranar kwano bai yi ƙara ba. Ya iske matarsa ta share duwatsun ta tara a bayan ƙofa, ta ajiye masa abinci a rufe, ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Ya san wannan shari'ar tana nan tana jiransa, kuma ya san ba shi da hujja.

Bai zauna ba. Ya wuce ɗakinsa, ya jawo aljihu na uku. Ga ɗan wurin da filashin ya kwanta kwana bakwai, tsakanin takardun gida da na asibiti, fili, babu komai. Ya tsaya yana dubansa, ya ga ai wannan ma kango ne. Ya laluba can ƙasan durowa, ya zaro kati ɗaya daga cikin tsofaffin da ya taho da su daga ofis, wanda gefensa ya yi ja. A layin wanda ya ɗauka ya rubuta, ni. A layin inda aka kai ya rubuta, bayan gari. A layin ranar dawowa ya ɗora rula, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan.

Ya soka katin a gurbin, ya rufe aljihun.